Samuel Hahnemann

Christian Friedrich Samuel Hahnemann (10 ga Afrilu, 1755 – 2 ga Yuli, 1843) likita ne ɗan ƙasar Jamus, masanin haɗa sinadarai, kuma mai fassara littattafai. An fi saninsa da ƙirƙiro hanyar magani da ake kira homiyofati, wadda ta ginu a kan ra'ayin cewa abin da ke jawo alamomin wata cuta a jikin mai lafiya shi ne zai warkar da mai irin wannan cutar, muddin an sirka shi sosai kafin a ba shi.

Hahnemann ya rayu a lokacin da likitocin Turai ke tsaga jijiyar majiyyaci su zubar da jini mai yawa, su kuma ɗura masa magunguna masu guba. Ya soki wannan hanya da kakkausar murya, kuma tarihi ya gaskata shi a kan haka. Sai dai hanyar da ya kawo a madadinta ba ta tsallake gwajin kimiyya ba, domin manyan bincike sun nuna cewa magungunan homiyofati ba su fi ƙwayar sukari marar magani tasiri ba. Har yau ana sayar da su a ƙasashe da dama, har da ƴan akwatunan da ake tallatawa don taimakon gaggawa, alhali shi kansa Hahnemann ya rubuta cewa idan rai na cikin hatsari nan take babu lokacin jiran aikinsu.

Farkon rayuwa da karatu

An haifi Hahnemann a garin Meissen da ke yankin Saxony, a gabashin Jamus ta yau, watanni kaɗan bayan haihuwar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo a ƙasar Hausa. Meissen ta yi suna wajen ƙera kayan tangaran, kuma mahaifinsa, Christian Gottfried Hahnemann, mai zanen ado ne a masana'antar tangaran ta garin. Sunan mahaifiyarsa Johanna Christiane Spiess. Yaƙin Shekaru Bakwai, wanda aka yi daga 1756 zuwa 1763, ya durƙusar da masana'antar, don haka yaron ya tashi a gidan da ba shi da wadata.

Mahaifinsa ya so ya kama sana'a, amma malamansa sun ga hazaƙarsa, suka tsaya masa har ya shiga makarantar St. Afra da ke Meissen ba tare da biyan kuɗi ba. Inda ya fi yin fice shi ne harsuna. Ya iya Latin da Girkanci da Ingilishi da Faransanci da Italiyanci, kuma wannan baiwa ce ta ciyar da shi shekaru masu yawa daga baya.

A shekarar 1775 ya shiga Jami'ar Leipzig don karatun likitanci, yana biyan bukatunsa da kuɗin koyar da harsuna da fassara littattafan Ingilishi zuwa Jamusanci. Da yake jami'ar ba ta da asibitin koyarwa a lokacin, sai ya wuce Vienna a 1777, ya samu horo a hannun likita Joseph von Quarin. Da kuɗinsa suka ƙare, Quarin ya haɗa shi da gwamnan Transylvania, Samuel von Brukenthal, wanda ya ɗauke shi aikin likitan gida da kula da ɗakin littattafai a garin Hermannstadt, wato Sibiu ta ƙasar Romaniya a yau. Ya yi kusan shekara biyu a can, sannan ya koma Jamus ya karɓi digirin likitanci a Jami'ar Erlangen ranar 10 ga Agusta, 1779.

Aikin likita da na sinadarai

Ya fara aiki a ƙananan garuruwa, ciki har da Hettstedt, garin masu haƙar tagulla, da Dessau da Gommern. A Dessau ya haɗu da Johanna Henriette Küchler, agolar wani mai kantin magani, suka yi aure a 1782. Sun haifi ƴaƴa 11.

Likitancin wancan zamani ya dogara ne a kan fitar da abin da ake zaton gurɓataccen ruwa ne daga jiki. Ana tsaga jijiya, ana yin ƙaho, ana liƙa matsattsaku su sha jini, ana ba da maganin amai da na zawo, ana kuma shayar da majiyyata sinadaran zaiba har haƙoransu su yi girgiɗi. Hahnemann ya ga cewa wannan yakan ƙara wa mai ciwo rauni. Sannu a hankali ya rage duba marasa lafiya, ya koma ga fassara da binciken sinadarai. Iyalinsa sun sha talauci a wannan tsakani, suna ta ƙaura daga gari zuwa gari.

Ayyukansa na waɗannan shekaru sun jawo masa mutunci a wurin masana. A 1786 ya wallafa littafi a kan gubar asinik, da yadda ake taimakon wanda ya sha ta, da yadda ake gano ta a gaban shari'a. Ya kuma ƙirƙiro gwajin gano dalma a cikin giyar inabi. A lokacin wasu ƴan kasuwa kan zuba sinadarin dalma a giyar da ta yi tsami don ta yi zaƙi, abin da ke jawo wa masu sha murɗawar ciki da shanyewar gaɓoɓi. Ruwan gwajin Hahnemann yakan sa dalmar ta yi baƙi ta kwanta a ƙasan kofi, ba tare da an rikita ta da ƙarfen da ba ya cutarwa ba, kuma hukumomin ƙasar Prussia sun karɓi gwajin. Daga 1793 zuwa 1799 ya fitar da ƙamus na masu haɗa magunguna. Ya kuma rubuta ƙasidu ga jama'a a kan tsabtar gida, da iska mai kyau, da abinci, da cizon mahaukacin kare.

A 1792 Sarkin Daular Roma Mai Tsarki, Leopold na II, ya rasu a Vienna bayan gajeriyar rashin lafiya. Hahnemann ya fito a jarida ya tuhumi likitocin sarkin da suka zubar masa da jini har sau huɗu cikin kwana guda. A shekarar ce kuma ya karɓi kula da wani ma'aikacin gwamnati kuma marubuci mai suna Klockenbring, wanda ya samu taɓin hankali. Ya yi jinyarsa a Georgenthal ba duka ba mari, a zamanin da ɗaurewa da bulala suka zama ruwan dare a gidajen masu taɓin hankali, kuma mutumin ya samu sauƙi.

Gwajin ɓawon sinkona

A 1790 Hahnemann yana fassara littafin magunguna na likitan Sikotilan William Cullen. Ya iso wurin da ake bayanin ɓawon itacen sinkona, wanda ake kawowa daga Kudancin Amurka don maganin zazzaɓin cizon sauro. Cullen ya danganta amfanin ɓawon ga ɗacinsa da yadda yake ƙarfafa tumbi. Hahnemann bai gamsu ba, domin akwai abubuwan da suka fi shi ɗaci amma ba sa maganin zazzaɓi.

Sai ya gwada a jikinsa. Ya riƙa shan ɓawon sau biyu a rana na tsawon wasu kwanaki, yana cikin ƙoshin lafiya. Ya ba da rahoton cewa ƙafafunsa da yatsunsa sun yi sanyi, kasala ta kama shi, zuciyarsa ta riƙa bugawa da sauri, ya ji ƙishirwa da rawar jiki, kuma abin yakan lafa bayan awa biyu ko uku, ya dawo idan ya sake sha. A ganinsa waɗannan alamomi sun yi kama da na zazzaɓin, daga nan ya fara tunanin cewa ɓawon yana warkar da cutar ne saboda yana iya haifar da irinta.

Ilimin da ya zo daga baya ya ba da wani bayani dabam. A 1820 masana biyu na Faransa, Pelletier da Caventou, suka tace sinadarin kwinin daga ɓawon. A 1880 Alphonse Laveran ya gano ƙwayar cutar a cikin jini, a 1897 kuma Ronald Ross ya gan ta a cikin sauro. Kwinin yana aiki ne ta hanyar kashe wannan ƙwaya.

Ƙa'idojin homiyofati

Hahnemann ya bayyana sabon ra'ayinsa a 1796 a mujallar likita Christoph Wilhelm Hufeland, shekarar da Edward Jenner ya yi gwajin rigakafin agana a Ingila. Ya ƙirƙiro sunan hanyar daga kalmomin Girkanci biyu, ɗaya mai ma'anar kamanni, ɗaya mai ma'anar ciwo. A 1810, yana zaune a Torgau, ya wallafa babban littafinsa da aka fi sani da Organon. An sake buga shi da gyare-gyare a 1819, 1824, 1829 da 1833. Bugu na shida ya kammala shi a 1842, amma bai fito ba sai 1921.

Hanyar ta tsaya a kan ginshiƙai huɗu. Na farko shi ne ƙa'idar kamanni. Misalin da mabiyansa ke yawan bayarwa shi ne albasa: tunda tana sa hawaye da majina, sai a haɗa maganin mura da ita, gahawa kuma, da ke hana barci, a ba mai fama da rashin barci.

Na biyu shi ne gwada magani a jikin masu lafiya. Hahnemann da iyalinsa da ɗalibansa sukan sha wani abu, su rubuta duk abin da suka ji a jiki da zuciya. Ya tattara waɗannan bayanai a littattafai shida da suka fito daga 1811 zuwa 1821.

Na uku shi ne ba da magani guda ɗaya a lokaci ɗaya, bayan doguwar tattaunawa da majiyyaci a kan ciwonsa, da barcinsa, da abincinsa, da halinsa.

Na huɗu shi ne sirkawa. Da yake yawancin abubuwan da yake amfani da su guba ne, sai ya fara rage yawansu. Akan ɗauki ɗigo 1 na ruwan maganin a zuba cikin ɗigo 99 na ruwa ko alkohol, a jijjiga kwalbar da ƙarfi ana buga ta a kan wani abu mai ɗan taushi. Wannan shi ne mataki na farko, ana rubuta shi 1C. Daga nan a ɗauki ɗigo 1 a sake zubawa cikin wani ɗigo 99, ya zama 2C, haka har mataki na 30 ko fiye. Abin da ba ya narkewa kuma akan niƙa shi da sukarin madara. A ƙarshe akan ɗiga ruwan a kan ƴan ƙananan ƙwayoyin sukari. Hahnemann ya yi imanin cewa jijjigawar tana fito da wani ɓoyayyen ƙarfi daga cikin maganin, don haka a wurinsa wanda aka fi sirkawa shi ya fi ƙarfi.

A nan ne babbar matsalar take. A mataki na 6C saura kashi ɗaya cikin tiriliyan ɗaya na ainihin abin da aka fara da shi. Daga wajen 12C, lissafin da ya samo asali daga aikin Amedeo Avogadro ya nuna cewa da wuya a samu ko ƙwayar sinadari guda ta rage a kwalbar. Mataki na 30C, wanda Hahnemann ya riƙa ba da shawarar amfani da shi, yana nufin kashi ɗaya cikin adadin da ake rubutawa da 1 da sifili 60 a bayansa. Ba a ƙiyasta girman ƙwayoyin sinadarai ba sai a 1865, shekara 22 bayan rasuwarsa.

Leipzig da Köthen

A 1811 ya koma Leipzig. Don samun izinin koyarwa a jami'a, ya gabatar da takarda a 1812 a kan yadda likitocin da suke amfani da wani tsiro mai suna helebo, inda ya kafa hujja da tsoffin littattafai na harsuna daban-daban. Darussansa sun fara da cikar ɗaki, amma yawan caccakar sauran likitoci da yake yi ya sa ɗalibai suka ragu, sai ƴan kaɗan da suka zama almajiransa na haƙiƙa. Bayan Yaƙin Leipzig na 1813, annobar zazzaɓin taifus, wanda kwarkwata ke yaɗawa, ta ɓarke a garin, kuma Hahnemann ya yi jinyar masu ita da hanyarsa.

Masu kantin magani na Leipzig sun kai shi kotu saboda yana haɗa magani da kansa yana ba majiyyata, alhali doka ta keɓe musu wannan aiki. A 1820 kotu ta hana shi. A shekarar ce kuma Yarima Schwarzenberg, kwamandan rundunar ƙawance da ta ci Napoleon a Leipzig, ya zo neman magani a wurinsa saboda shanyewar ɓarin jiki, ya kuma rasu a watan Oktoba. Abokan hamayya suka ɗora masa laifi.

A 1821 ya ƙaura zuwa Köthen, inda mai mulkin yankin, Ferdinand, ya ba shi kariya da izinin haɗa magungunansa. Ya zauna a can shekara 14, majiyyata na zuwa daga nesa, wasu kuma suna aiko da wasiƙu. A 1828 ya fara wallafa littafinsa a kan cututtuka masu daɗewa, inda ya ce tushensu uku ne, kuma mafi yawansu sun samo asali daga wani gurɓaci da ya danganta da ƙazuwa. Wannan ra'ayi ya raba kan mabiyansa. Matarsa Henriette ta rasu a 1830.

Da kwalara ta iso Turai a 1831, Hahnemann ya ba da shawarar a yi amfani da kafur a farkon ciwon, daga baya a bi da magungunan da aka haɗa da tagulla da helebo. Ya kuma yi hasashen cewa wasu ƙananan halittu da ido ba ya gani ne ke yaɗa cutar, ya nemi masu jinya su tsabtace jikinsu da tufafinsu. Wannan hasashe ya zo fiye da shekara 50 kafin Robert Koch ya tabbatar da ƙwayar kwalara.

Matsayinsa a kan taimakon gaggawa

A bayanin da ya yi a ƙarƙashin sakin layi na 67 na Organon, Hahnemann ya ware wasu yanayi daga ƙa'idarsa. Ya ce idan mutum mai lafiya ya gamu da hatsari kwatsam, kamar nutsewa a ruwa, ko shaƙewa, ko faɗawar tsawa, ko daskarewa saboda sanyi, rai yakan iya fita kafin maganin homiyofati ya fara aiki. A irin wannan hali ya halatta a yi duk abin da zai farfaɗo da mutum nan take, kamar ɗumama jikinsa a hankali. Haka kuma ya yarda da ba wanda ya sha guba makarinta kai tsaye.

Inda ya yi amfani da ƙa'idar kamanni a kan rauni kuwa, sakamakon bai yi kyau ba. A 1816 ya yi jayayya a rubuce da Karl Heinrich Dzondi, farfesa a Jami'ar Halle, a kan ƙuna. Dzondi ya ce a sa ruwan sanyi. Hahnemann ya ce ruwan sanyi yana ƙara ɓarna, a shafa alkohol mai ɗumi ko man tafentain, tunda zafi ke maganin zafi. Ilimin yau ya bi bayan Dzondi: ana zuba wa ƙuna ruwa mai sanyi, ba ƙanƙara ba, har tsawon minti 20.

Akwatin magungunan gida ya yaɗu ne ta hannun mabiyansa, musamman Constantine Hering, Bajamushen da ya zauna a Amurka. Daga 1835 Hering ya fara fitar da littafin jagora ga iyalai, wanda ake haɗawa da ƴan kwalabe masu lamba. Irin wannan akwati ya samu karɓuwa a ƙauyukan da likita ke da nisa. Magungunan da aka fi samu a akwatunan yau sun haɗa da:

Arnica, daga wani furen tsaunukan Turai, don buguwa da kumburi.
Apis, daga ƙudan zuma, don harbin ƙwari.
Cantharis, daga wani ƙwaro mai sa fata ta yi bororo, don ƙuna.
Ledum, don sukar ƙusa ko ƙaya.
Hypericum, don rauni a yatsu.
Aconitum, daga wani tsiro mai guba, don firgita.
Lachesis, daga dafin wani macijin Kudancin Amurka, wanda Hering ya fara gwadawa a Suriname a 1828.

Arnica ce aka fi yi wa bincike a cikinsu. A 1998 Edzard Ernst da Max Pittler sun tattara gwaje-gwajen da aka yi a kanta, suka ga babu hujjar cewa ta fi ƙwayar sukari. Buguwa da ƙaramin kumburi sukan warke da kansu cikin kwanaki, shi ya sa mai shan maganin yakan ɗauka shi ne ya yi aiki.

Zaman Paris da rasuwa

A watan Oktoba na 1834 wata Bafaranshiya mai zane da rubuta waƙoƙi, Mélanie d'Hervilly, ta zo Köthen neman magani. A ranar 18 ga Janairu, 1835, suka yi aure, yana da shekara 79, tana da 34. Ya raba mafi yawan dukiyarsa ga ƴaƴansa, suka tafi Paris a watan Yuni. A can ya samu izinin aiki, gidansa ya cika da masu kuɗi da masu sarauta, har da shahararren mai goge Niccolò Paganini. Mélanie ta zama mataimakiyarsa, tana kuma duba talakawa kyauta.

Hahnemann ya rasu a Paris ranar 2 ga Yuli, 1843, bayan ciwon ƙirji, yana da shekara 88. An binne shi a maƙabartar Montmartre, sannan a 1898 aka mayar da gawarsa maƙabartar Père Lachaise. A 1847 kotu ta ci tarar Mélanie saboda yin aikin likita ba da lasisi ba. Ta rasu a 1878.

Yaɗuwar hanyarsa da hukuncin bincike

Tun yana raye hanyar ta kai Ingila da Amurka da Indiya. A 1839 Johann Martin Honigberger ya yi wa Maharaja Ranjit Singh magani da ita a Lahore. An buɗe kwalejinta a Philadelphia a 1848, aka kafa asibitinta a Landan a 1849. A annobar kwalara ta 1854, mace-mace a wannan asibiti ba su kai na wasu asibitocin Landan ba. Masana tarihin likitanci sun danganta irin wannan nasara ga abin da ba a yi wa majiyyatan ba, wato ba a zubar musu da jini ba, ba a kuma ɗura musu zaiba ba.

An fara gwada hanyar tun da wuri. A 1835 wasu mutanen Nuremberg sun shirya kwalabe 100, rabi da gishirin da aka sirka zuwa 30C, rabi da ruwa zalla, suka cakuɗa su yadda babu wanda ya san abin da ya sha. Mafi yawan waɗanda suka sha ba su ji komai ba, kuma ba a ga bambanci tsakanin kashi biyun ba. Ana lissafa wannan cikin gwaje-gwaje na farko a tarihi da aka ɓoye wa mahalarta abin da aka ba su.

A 2005 mujallar The Lancet ta buga nazarin da ya kwatanta gwaje-gwaje 110 na homiyofati da 110 na magungunan asibiti, ya kuma nuna cewa tasirin homiyofati bai wuce na ƙwayar sukari ba. A 2009 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗin kada a dogara da ita wajen tarin fuka, da ƙanjamau, da zazzaɓin cizon sauro, da gudawar jarirai. A 2015 majalisar binciken lafiya ta Ostireliya ta ce babu wata cuta da aka samu ingantacciyar hujjar cewa homiyofati na maganinta. Hukumar lafiya ta Ingila ta ba da shawarar daina rubuta ta a 2017, Faransa kuma ta daina biyan kuɗinta daga asusun inshorar lafiya a farkon 2021. A Indiya dai tana da kwalejoji da asibitoci a ƙarƙashin ma'aikatar AYUSH.

Bambancinta da maganin gargajiya

Mutane kan ɗauka homiyofati da maganin gargajiya abu ɗaya ne, saboda dukansu suna ambaton tsirrai. Ba haka ba ne. Jiƙon saiwa ko sassaƙe yana ɗauke da sinadarai na gaske, waɗanda za su iya amfani ko su cutar, kuma daga irinsu aka samo kwinin da atemisinin. Ƙwayar homiyofati da aka sirka sosai kuwa sukari ce kawai. Hatsarinta yana cikin lokacin da take cinyewa kafin a kai mutum asibiti.

Wannan ya shafi matsalolin gaggawa da aka saba gani a ƙasar Hausa. Dafin kububuwa, macijin da ke yawan sarar manoma da makiyaya a arewacin Najeriya, yana hana jini daskarewa, kuma maganinsa shi ne allurar kashe dafi, irin wadda ake yi a asibitin saran maciji na Kaltungo a Jihar Gombe. Abin da ake so kafin nan shi ne a hana gaɓar motsi a garzaya asibiti, ba tare da tsagawa ko tsotsa ko ɗaurewa tamau ba. Cizon kare ana wanke shi da ruwa da sabulu na minti 15, a je a yi allurar rigakafi. Mai amai da gudawa ana ba shi ruwan gishiri da sukari tun a gida, a kan hanyar zuwa asibiti.

Haka abin yake ga dalma, gubar da Hahnemann ya ƙirƙiro gwajin ganowa. A 2010 gubar dalma ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum na Jihar Zamfara, sakamakon niƙa duwatsun zinare a cikin gidaje. Abin da ya ceci sauran yaran shi ne kwashe gurɓatacciyar ƙasa daga gidaje, da maganin da ke kama dalma ya fitar da ita ta fitsari, wanda ƙungiyar likitoci ta MSF ta riƙa bayarwa. Akwai maganin homiyofati da ake haɗawa daga dalma, mai suna Plumbum, amma babu hujjar cewa yana rage dalma a jini.

Tunawa da shi

An kafa mutum-mutuminsa a Leipzig a 1851, garin da ya bari bayan shari'arsa da masu kantin magani. A 1900 aka buɗe wani babban abin tunawa da shi a birnin Washington na Amurka, aka kuma gina wani a kan kabarinsa a Paris. Gidansa na Köthen ya zama wurin ziyara, yawancin littattafan da yake rubuta bayanan majiyyata kuma suna ajiye a cibiyar tarihin likitanci ta gidauniyar Robert Bosch da ke Stuttgart. Mabiya hanyarsa suna bikin ranar 10 ga Afrilu a kowace shekara don tunawa da haihuwarsa.